ALƘALAMIN ƊAUKA DA ALƘALAMIN KORA: WAIWAYE KAN AMANAR KULA DA MA'AIKATA A ƘASAR ZAZZAU

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

SHIMFIƊA

A kowace sakatariyar ƙaramar hukuma, tun daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi, akwai wani ofis da ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da ta ɓaci. Ofis ne mai cike da fayil-fayil, wasunsu sun yi ƙura, wasu bangonsu ya yage saboda daɗewa. A nan ake rubuta takardar ɗaukar aiki, a nan ake lissafa shekarun ƙarin girma, a nan ake buga takardar tuhuma, kuma daga nan takardar sallama take fita. Wanda ke zaune a wannan ofis, wato jami'in kula da ma'aikata, sau da yawa ba shi ke yanke manyan hukunce-hukunce ba, amma fa ta hannunsa suke bi. Idan aka ce a sa suna, shi zai sa. Idan aka ce a cire, shi zai cire. Abincin gidaje masu yawa yana rataye a bakin alƙalaminsa.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu suna jami'a ko kwaleji, wasu kuma sun kammala suna jiran aiki. Idan Allah Ya yi mana tsawon rai, wasunku ne za su gaji wannan kujera. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihi, mu ga yadda aka riƙa ɗaukar mutane aiki da sallamarsu a wannan ƙasa tamu ta Zazzau, da irin tsaka-mai-wuyar da masu riƙe da alƙalamin suka riƙa shiga. Mai karatu zai lura cewa tambayoyi uku ne suke ta dawowa a kowane zamani: wa ya cancanci a ɗauka, ta yaya ya halatta a sallami mutum, kuma mene ne haƙƙinsa bayan an sallame shi.

MA'AUNIN DA AKA GADA DAGA MADINA

A cikin Suratul Ƙasas, aya ta 26, ɗaya daga cikin 'ya'yan dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, ta kuma kafa hujja da sifofi biyu da ta gani a tare da shi, ƙarfi da amana. A kan waɗannan sifofi biyu malamai irin su Ibnu Taimiyya, a littafinsa Assiyasatush Shar'iyya, suka gina bayaninsu game da naɗa ma'aikata. Ƙarfi shi ne iya aikin, kuma kowane aiki da irin nasa ƙarfin. Ƙarfin malamin aji shi ne ya san abin da zai koyar, ya kuma iya isar da shi. Amana kuwa ita ce tsoron Allah a cikin abin da aka damƙa wa mutum.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarril Gifari (RA), duk da matsayinsa da tsantseninsa, ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi muƙami, sai ya hana shi, ya kuma bayyana masa dalili: yana da rauni, muƙami kuwa amana ne da kan zama nadama ranar ƙiyama. Wato kenan kirkin mutum da kusancinsa da mai ɗauka ba su isa hujjar ba shi aikin da ba zai iya ba. Haka nan Bukhari da Muslim sun kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓo zakka ya dawo ya ware wani kaso da sunan kyauta aka yi masa, Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya yi tir da hakan, domin kuwa da a gidan iyayensa ya zauna, da babu mai kawo masa kyautar.

A ɓangaren sallama kuwa, babu misali mai haske kamar na Sayyidina Umar (RA) da Sa'adu bin Abi Waƙƙas (RA). Mutanen Kufa sun kai ƙarar gwamnansu Sa'adu, Umar ya sauke shi, amma bai tsaya nan ba. Ya kira shi ya ji ta bakinsa, ya kuma aika aka bi masallatan Kufa ana tambayar jama'a game da shi. Da ajali ya kusanto wa Umar, sai ya sa Sa'adu cikin mutum shida da za a zaɓi halifa daga cikinsu, ya kuma shaida wa jama'a cewa bai sauke shi don gazawa ko ha'inci ba. Ashe ana iya raba mutum da kujera ba tare da an raba shi da mutuncinsa ba. Umar ɗin nan dai shi ne ya kafa diwani, rajistar da ake rubuta sunayen masu karɓar rabo daga baitulmali, wadda ita ce kakar fayil-fayil ɗin da muka ambata a sama.

DAGA KANON RUMFA ZUWA SAKKWATO

Wannan ma'auni bai tsaya a ƙasar Larabawa ba. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Muhammadu bin Abdulkarim Almagili ya rubuta risalarsa Tajuddini game da abin da ya wajaba a kan sarakuna. Daga cikin abin da ya jaddada akwai bincikar halin ma'aikata, da sanin dukiyarsu tun kafin a naɗa su, da kuma sa ido a kansu bayan naɗi. Abin da a yau ake kira bayyana kadara, malamanmu sun rubuta shi fiye da shekara 500 da suka wuce.

Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi da tajdidinsa, lalacewar naɗin muƙamai tana cikin manyan abubuwan da ya soka. A Kitabul Farƙi an lissafa miyagun al'adun mulkin da aka tarar, ciki har da gaisuwar da ake kai wa masu iko don neman biyan buƙata. A Bayanu Wujubil Hijra, wanda ya kammala a 1806, Shehu ya yi kashedi game da fifita wata ƙabila a kan wata da kuma jawo waɗanda ba su cancanta ba a jika, yana mai nuna cewa hanya ce ta rushewar mulki. Ƙaninsa Shehu Abdullahi, a Liya'ul Hukkami da ya rubuta wa mutanen Kano, da ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Usulus Siyasa, duk sun koma kan wannan batu na zaɓen mataimaka nagari da nisantar mai kwaɗayin muƙami.

To amma fa rubuta ƙa'ida daban, aiki da ita daban. Shi kansa Shehu Abdullahi ya koka tun da ransa kan yadda son duniya da son sarauta suka fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a. Tarihin Zazzau na ƙarni na 19 ya nuna cewa kukansa yana kan hanya.

ZAZZAU: SABON SARKI, SABABBIN MA'AIKATA

A 1808 Malam Musa Bamalli, wanda ya karɓo tuta daga wurin Shehu, ya shiga birnin Zariya, Sarki Makau ya fice ya yi kudu. Bayan Malam Musa sai Yamusa ya hau a 1821, sai Abdulkarimu a 1834, daga baya kuma Abdussalami. Daga waɗannan bayin Allah huɗu ne gidajen sarautar Zazzau suka samo asali: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Sarauta ta riƙa zagayawa a tsakanin gidajen, Sakkwato kuma tana da ta cewa a naɗi da tuɓewa, har ta tuɓe sarakuna irin su Sidi Abdulƙadir da Abdullahi da Sambo.

Wani masani mai suna M. G. Smith, wanda ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya bi diddigin wannan tsari a littafinsa game da mulkin Zazzau daga 1800 zuwa 1950, wanda aka buga a 1960. Abin da ya nuna shi ne, saboda kowane gida yana tsoron kada sarauta ta kuɓuce masa, sabon sarki yakan tuɓe da yawa daga cikin masu riƙe da sarautun da ya tarar, ya naɗa 'ya'yansa da danginsa da barorinsa, don gidansa ya yi ƙarfi kafin zagayen ya wuce shi. A wasu lokuta tuɓewar takan zo da wasau, wato ƙwace dukiyar wanda aka tuɓe. Ma'aunin tsira da muƙami a irin wannan hali shi ne biyayya ga uban gida. Hakimai kuwa a birni suke zaune, jakadunsu ne ke zirga-zirga zuwa garuruwan da ke ƙarƙashinsu don karɓo haraji, kuma kowa yana cire rabonsa a hanya kafin abin ya isa fada.

Ba don a ci zarafin magabata muka kawo wannan ba, domin a cikinsu akwai malamai da adalai da masu tsoron Allah. Abin lura shi ne illar tsarin kansa. Mutumin da ya san kujerarsa ba ta wuce ran uban gidansa ba, zuciyarsa takan raya masa ya tara abin da zai iya kafin rana ta faɗi. Wanda kuma ke shan wahalar wannan gaggawa shi ne talakan da ke ƙauye, manomin dawa da rake da ke biyan harajin.

ZAMANIN EN'E

Turawan Ingila sun mamaye Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903, wanda shi ma daga baya suka tuɓe shi suka kai Lakwaja. A shekarun farko na mulkinsu suka harhaɗa garuruwa suka mai da su gundumomi, suka tilasta wa hakimai barin birni su koma zama a cikin gundumominsu. Ta haka ne garuruwa irin su Ikara da Makarfi suka zama mazaunin hakimai. Wajen 1910 zuwa 1911 aka fara kafa baitulmali a masarautun Arewa, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai da malamansu albashi maimakon kason haraji. Daga nan ne aka sami sabon rukunin mutane, ma'aikatan En'e: magatakarda, malaman haraji, malaman makaranta, malaman asibiti, duba-gari, 'yan doka da dogarai, kowa da sunansa a littafin albashi.

Albashi ya shigo, takarda ta shigo, amma tsohuwar ɗabi'ar ba ta fita ba. Samun aikin En'e ya ci gaba da dogara a kan wanda mutum ya sani a fada, kuma ma'aikacin da ya saɓa wa manya yana iya wayar gari babu aiki. Malaman makaranta ne suka fara ɗaga murya. Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. A watan Agusta na 1950 kuma wani malamin makaranta daga Bauci, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya gabatar da ƙudurin neman a yi wa tsarin En'e garambawul, yana mai nuni da cin hanci da rashin tsari da suka dabaibaye shi.

A shekarun 1950 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta zo da manufar Arewantar da aikin gwamnati, wato fifita ɗan Arewa wajen ɗaukar aiki. Manufar ta buɗe wa dubban 'ya'yan talakawa ƙofa, kuma an haɗa ta da horo mai tsanani, musamman a cibiyar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya. Sai dai ta bar wa jami'an ɗaukar aiki wata tambaya da har yau suke fama da ita: idan ɗan gida da baƙo suka nemi gurbi ɗaya, kuma baƙon ya fi ƙwarewa, wa za a ba?

SHEKARU BIYU MASU NAUYI: 1975 DA 1976

Janar Murtala Ramat Muhammad ya hau mulki a ƙarshen Yulin 1975. Cikin 'yan watanni aka sallami ma'aikatan gwamnati sama da 10,000 a faɗin Nijeriya, bisa dalilan cin hanci, ko gazawa, ko tsufa, ko rashin lafiya. Da yawa a rediyo suka ji sunayensu, kuma umarnin nan take ne. Jama'a sun yi murna, domin an daɗe ana kuka da aikin gwamnati. Amma an haɗa mai laifi da marar laifi, an kuma sallami mutane da dama ba a ji ta bakinsu ba. Masana da yawa suna ganin cewa tun daga wannan shara ne ma'aikacin Nijeriya ya daina amincewa cewa gaskiyarsa za ta tsare masa kujera, wasu kuma suka ɗauki darasin da bai dace ba, wato tara abin da za su dogara da shi idan tasu ta zo. A 1984 gwamnatin soja ta sake yin wata sharar, ta kuma kafa Doka ta 17 da ta hana kotuna sauraren ƙarar waɗanda aka sallama a ƙarƙashinta.

Shekarar 1976 kuwa ta zo da abubuwa biyu. Na farko, garambawul ɗin ƙananan hukumomi, wanda ya kawo ƙarshen En'e ya kafa tsari ɗaya a duk ƙasa. Ikara ta zama ƙaramar hukuma, daga baya aka fitar da Makarfi, sannan a 1996 aka fitar da Kudan mai hedikwata a Hunkuyi. Kowace sabuwar ƙaramar hukuma tana zuwa da sabuwar sakatariya, da sababbin guraben aiki, da sabon matsin lamba a kan wanda zai cike su. Na biyu, shirin ilimin firamare kyauta da aka ƙaddamar a watan Satumba. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3. Dole aka ɗebi malamai cikin gaggawa, da wanda ya sami cikakken horo da wanda bai samu ba. A shekarar ne ma aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna don cike wannan giɓi. Tun daga lokacin, koyarwa a firamare ta zama ƙofar da ta fi kowace faɗi, wadda ake tura duk wanda ake son yi wa alfarma.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Jami'in kula da ma'aikata ba da son ransa kaɗai yake aiki ba, akwai dokoki a kansa. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da haƙƙin a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci. Sashe na 42 ya haramta nuna wariya saboda ƙabila, ko addini, ko jinsi, ko ra'ayin siyasa. Sashe na 14 ya buƙaci a kula da bambancin al'ummomi wajen cike gurabe, har a matakin jiha da ƙaramar hukuma. Sashe na 210 kuma ya kare haƙƙin fansho da giratuti na ma'aikatan jiha. Kotun Ƙoli, a shari'ar Shitta-Bey ta 1981 da ta Olaniyan da Jami'ar Legas ta 1985, ta tabbatar da cewa ma'aikacin da doka ce ta tsara sharuɗɗan aikinsa ba a korarsa sai an bi matakan da dokar ta shimfiɗa, idan kuwa aka tsallake, kotu na iya mai da shi kujerarsa. Gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, ya ɗaga darajar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya ba ta hurumin shari'o'in ƙwadago. A 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane, wadda ta shafi abin da ke cikin fayil ɗin ma'aikaci.

Mai karatu zai ga cewa sauraren mutum kafin hukunci ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. A Suratun Namli, Annabi Sulaimanu (AS) ya yi wa alhudahuda alkawarin azaba saboda rashin ganinsa, amma ya bar ƙofar uzuri a buɗe, ya saurare shi, sannan ya ce zai bincika. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati kuma ta umarce mu da tabbatar da labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci.

JIHAR KADUNA, 2017 ZUWA 2022

A 2001 gwamnatin Alhaji Ahmed Muhammad Makarfi, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, ta ƙara yawan masarautu da gundumomi don kusanto da mulki ga jama'a. A watan Yunin 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta mai da gundumomin daga 390 zuwa 77, bisa hujjar cewa ƙananan hukumomi ba za su iya ɗaukar nauyin albashin ba. Hakimai 313 da dagatai sama da 4,000 suka rasa kujerunsu.

A shekarar ce kuma aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 na duk ƙananan hukumomi 23 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu. Gwamnati ta sanar cewa 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, ta ce za ta sallame su ta ɗauki sababbi 25,000. Gwamnan da kansa ya ce an daɗe ana sa siyasa a ɗaukar malamai. Aka baza wasu takardun amsa a intanet, duniya ta yi ta kallo. Ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙi amincewa, ta ce hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1993, ita ke da hurumin auna malami, ta kuma yi ƙorafi kan makin da aka yanke. Ta garzaya Kotun Ma'aikata, wadda a Disambar 2017 ta ba da umarnin a dakata. Duk da haka takardun sallama suka fita. Malamai suka shiga yajin aiki ranar 8 ga Janairun 2018, suka janye bayan kwana goma, lokacin da gwamnati ta ce waɗanda aka sallama na iya sake neman aikin.

Labarin bai ƙare a nan ba. A 2018 aka sake sallamar sama da 4,000 daga cikin sababbin malaman da aka ɗauka, saboda an gano ba su cancanta ba. A Afrilun 2021 aka sallami kimanin ma'aikatan ƙananan hukumomi 4,000, gwamnati tana cewa albashi na cinye kaso mafi tsoka na abin da jiha ke samu daga asusun tarayya. Ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, a ƙarƙashin Kwamared Ayuba Wabba, ta tsayar da al'amura cik a Kaduna daga 17 ga Mayu, har sai da gwamnatin tarayya ta shiga tsakani bayan kwana uku. A Yunin 2022 kuma hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta sallami malamai 2,357, mafi yawansu saboda ƙin zama wata sabuwar jarrabawa, cikinsu har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba.

Yanzu mai karatu ya sa kansa a kujerar jami'in da aka miƙa wa jerin sunayen nan a Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi. A cikin jerin akwai wanda ya koyar da shi karatu, akwai maƙwabcinsa da suke sahu ɗaya a masallaci, akwai bazawarar da marayu ke hannunta. A gefe guda kuma akwai ɗan manomin tumatir ko mai dafa mazarƙwaila, wanda ya shekara shida a firamare ya fito bai iya rubuta sunansa ba, kuma babu ƙungiyar da za ta yi yajin aiki dominsa. Ga umarnin kotu a hannu ɗaya, ga umarnin na sama da shi a ɗaya hannun. Duk wanda ya ce wannan hali mai sauƙi ne, bai taɓa zama a kujerar ba.

DARUSSAN DA ZA MU TAFI DA SU

Na farko, kora ta gayya 'yar ɗauka ta sakaci ce. Tun ran gini, tun ran zane. Malamin da aka sallama a 2018, wani ne ya sa hannu a takardar ɗaukarsa shekaru da suka gabata, alhali ya san bai iya ba. An hukunta wanda aka ɗauka, wanda ya ɗauka kuwa ba a ko tambaye shi ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sallamar sama da 4,000 daga cikin sababbin ɗauka ta nuna cewa muddin ƙofar shiga ba ta gyaru ba, shara ba ta ƙarewa.

Na biyu, kyakkyawar manufa ba ta halatta mummunar hanya. Tsare haƙƙin ɗalibi wajibi ne, amma wajibi ne kuma a saurari malami, a ba shi damar ɗaukaka ƙara, a mutunta umarnin kotu, a kuma rufa masa asiri. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana mu barin ƙiyayya ta kai mu ga rashin adalci, ko da a kan abokin gaba ne, balle ma'aikacin da gazawa ce kawai laifinsa.

Na uku, haƙƙin wanda aka sallama bashi ne. Bukhari ya ruwaito hadisin Ƙudusi da ke cewa daga cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar ƙiyama, akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya sami cikakken aiki daga gare shi, sannan ya hana shi ladansa. Jami'in da ya danne fayil ɗin giratutin tsoho har sai an ba shi na goro, ya duba da wa yake shirin yin shari'a.

Na huɗu, alfarma a cikin abin da ba naka ba ha'inci ce. Gurbin aiki na jama'a ne. Wanda ya sa sunan bogi a littafin albashi, ko ya sauya wa ɗan'uwansa shekarar haihuwa, ko ya sayar da takardar ɗaukar aiki, bai yi zumunci ba, ya dai yi kyauta da kayan mutane. Kuma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski: wanda ya karɓi kuɗi ya ɗauki mutum, ba zai iya tuhumarsa gobe ba.

KAMMALAWA

Kada mu ɗauka cewa wannan magana ta gwamnati ce kaɗai. Kwamitin makarantar Islamiyya da ke ɗaukar malami ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, ya riƙe masa alawus wata uku, sannan ya sallame shi a kan jita-jita, shi ma yana riƙe da wannan alƙalami. Haka mai shagon da ke da yara, haka mai gonar raken da ya ɗebi 'yan ƙwadago. Kowannenmu ya tambayi kansa tambayoyin nan uku: don me na ɗauki wannan mutum, na saurare shi kafin in hukunta shi, kuma na biya shi abin da yake bina?

Ga waɗanda Allah zai kai wannan ofis a cikinku, ina yi muku wasiyya da ku san dokar aikinku ciki da waje, ku rubuta shawararku a takarda idan aka umarce ku da abin da ya saɓa mata, ku tsare sirrin fayil kamar yadda kuke tsare na gidajenku, kuma ku gaya wa mai neman alfarma gaskiya tun ranar farko. Sarakunan da suka naɗa sun wuce, gwamnonin da suka kora sun sauka, amma akwai wani littafi da ba ya barin ƙarami ko babba face ya ƙididdige shi.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya kiyashe mu cin haƙƙin bayinSa, Ya musanya wa duk wanda ya rasa hanyar abincinsa da mafi alheri, Ya kuma ba 'ya'yanmu malamai masu ƙarfi da amana. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.